Furen da Ba a Yi wa Ban-ruwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa fadama ya wadata ta da laka, ya kafa tsauni ya hana shi ƙasa, ya kuma ba kowannensu abin da zai tsiro a kansa. Ya ku masu saurare, ku gyara zama. Ni ne Nomau ɗan Jatau, mai lambu jikan mai lambu, mutumin Ƙoramar Giginya ta ƙasar Malmala, inda rana ke fitowa daga cikin ruwa ta faɗa cikin rake. Na taka ƙasashen da ko fatake ba su san sunansu ba, na ga abin da ya ɗaure mini kai, kuma ina gaya muku tun yanzu, har yau kan nan bai gama kwancewa ba. Wanda ya fahimci labarin nan fiye da ni, ya same ni a lambu ya yi mini bayani.

Asalin tafiyata matata ce, Kyallu. Ba 'yar garinmu ba ce. Ubanta mai sayar da dutsen niƙa ne, ya sauko da ita da jakunansa daga Tsaunukan Ƙanƙarau, can inda sama ta taɓo ƙasa. Zazzaɓin fadama ya kayar da shi a garinmu, bai tashi ba. Ta rage ita kaɗai cikin baƙi, ba dangin iya ba na baba. Na nemi aurenta, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ta ji ta gani.

To ni abin da na iya a duniya guda ɗaya ne, reno. Kawo mini tsiron da ya yanƙwane har mai shi ya fid da rai, in ba ka shi yana rawa. Da na dubi Kyallu, marainiya, an ciro ta daga ƙasarsu an kawo ta tamu, sai na ce a raina, dashe dai dashe ne, kuma na san abin da dashe ke so. Na gina mata ɗaki a ƙarƙashin mangwaro inda rana ba ta leƙowa. Na kewaye shi da zana ninki biyu don kada iska ta taɓa ta. Na hana ta ɗebo ruwa, na hana ta niƙa. Na kama ta a kan soro tana shanya barkono, na sauke tsanin na fasa shi na yi makamashi. Akwai wani dunƙulen dutse mai tauri da ta gada wurin ubanta, makoɗi, wanda ake koɗa dutsen niƙa da shi idan ya yi santsi. Matan unguwa suka riƙa kiranta tana koɗa musu, hannunta duk ya yi kanta. Na ɗauke makoɗin na binne shi a gindin rumbu, ƙarƙashin gero. Fura da nono, man shanu, latas ɗanye daga lambu, duk a bakin gado take samunsu. Matan garin har gori suke yi wa mazansu da ni.

Amma Kyallu sai ramewa. Dariyarta ta fara tafiya, sannan cin abinci ya bi ta, sannan magana. Na ƙara zana, na ƙara man shanu. Na kira masu magani, kowa ya zo ya faɗi tasa ya tafi. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ina son matar nan fiye da yadda bakina ya iya faɗa, kuma ina ganinta tana zube mini a hannu.

Wata safiya ta dubi rufin ɗaki ta ce, “Da zan ga lafe-dutsena, ko sau ɗaya.”

Na matso na tambaye ta mene ne kuma lafe-dutse. A hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi, ta gaya mini cewa a ƙasarsu babu ƙasar da za a haƙa a binne cibiyar jariri, dutse ne ko'ina. Don haka sai a cusa cibiyar a tsagar dutse, a ɗora mata ƙwayar irin wani ɗan fure. Furen da ya fito, na wannan jaririn ne har ya mutu. In mutum yana lafiya furensa na lafiya, in furen ya yi rauni mai shi ya yi rauni.

Na miƙe tsaye na ce abin nema ya samu. Ashe ciwon na shuka ne, ga kuwa likitansa a gida! Wani fure yana can cikin duwatsu ba mai kula da shi, shi ya sa matata ke bushewa. In je in ciro shi, in dasa shi a lambuna, magana ta ƙare. Na bar ta a hannun ƙanwata Hansai, na ja kunnenta kada ta bar iska ta shiga ɗakin nan. Na ɗauki gatari da igiya da bargo, da goran ban-ruwa, da buhun albasa na guzuri da tsarabar surukai, da jaka guda ta baƙar ƙasar lambuna. Ban tambayi Kyallu hanya ba, don kada in gajiyar da ita da magana. Na fuskanci inda tsaunuka suke na miƙe.

Na wuce dazuzzuka da ƙauyuka har takalmina ya cinye, sannan na iso Tsagar Duniya. Wani rami ne da ya raba ƙasa biyu, in ka jefa dutse ba ka jin saukarsa. Akwai gari a bakinsa, mutanensa suna gaisawa da na wancan ƙetaren da ganga, amma ba wanda ya taɓa cin tuwon wani. Na tambayi yadda ake hayewa. Wani ya ce in jira rani, ramin yakan rufe. Wani ya ce ƙarya ne, da damina yake rufewa. Wani dattijo ya ce yana rufewa kullum, amma sai lokacin da ba mai kallonsa, shi ya sa ba a taɓa gani ba. Na zauna na juya wa ramin baya yini guda, na waiwayo farat ɗaya, na tarar da shi yana nan yadda yake. Yara suka yi ta dariya.

Haushi ya kama ni, na ce bari in yi abin da na sani. Na sari doguwar giginya, na kafa mata gwafa a bakin ramin, na ɗaura ƙaton curin laka a gindinta. Jigo ke nan, irin wanda muke ɗaga ruwa da shi daga ƙorama, sai dai wannan ya fi namu girma nesa ba kusa ba. Inda ake rataya guga na rataya kaina da kayana. Na sa mutanen gari suka ja bakin jigon ƙasa da igiya, na ce in na yi kabbara su saki. Abin da ban lissafa ba shi ne tafiya ta ramar da ni, curin lakar kuwa na yi shi kamar na ɗaga bijimi. Da suka saki, wallahi ban ga ƙetaren ba ma, ta ƙarƙashina ya wuce. Na ga shaho ta bayansa. Na shiga cikin gajimare ina salati, buhun albasa yana dukana a ƙeya.

Ban faɗi a ƙasa ba. Wani abu mai laushi ya tare ni, ya lotsa, ya yi ƙara, ya yage. Na buɗe ido na gan ni a naɗe cikin taru na gashin akuya, a kan wani tudu inda gajimare ke yawo tsakanin bukkoki kamar tumaki. Ƙasar masu tatsar gajimare ke nan. Ba su da rijiya, ba su da ƙorama. Taru suke kafawa a kan dogayen sanduna, gajimare ya bi ta ciki ya jiƙa shi, su sauke su matse a tulu. Ruwa shi ne dukiyarsu, da shi ake aure, da shi ake biyan diyya.

Mai tarun wata tsohuwa ce, Ladingo, gajeruwa mai idon mujiya. Ta zagaya ni, ta shafa goshina ta ji gumi, ta lashi yatsa, fuskarta ta washe. Ta sanar da ni cewa dokar garin ita ce duk abin da ya faɗa taru na mai taru ne, kuma duk abin da taru ya kama matse shi ake yi. Na ce mata, Iya, ni mutum ne, ba gajimare ba. Ta ce ita ba ta yi musu ba, amma daga sama na faɗo kuma da danshi a jikina. Ta kira 'ya'yanta, ƙarti, suka zo da sanduna biyu irin waɗanda suke murɗa taru da su.

Rashin dabara ya fi rashin ƙarfi ciwo. Na roƙi a bar ni in ci abincin ƙarshe. Na zaro albasa mai zafi, irin jar nan ta rani, na yanka ta a tsakiyarsu, na yi ta yankawa ina kaɗa hannu. Ba su taɓa ganin albasa ba. Nan da nan idon Ladingo ya kawo ruwa, na ƙartin ya kawo, na 'yan kallo ya kawo. Sai wata mata ta ruga ta ɗauko ƙoƙo ta tara a haɓarta. Kafin ka ce kwabo kowa ya tara ƙoƙo, suna kuka suna murna, ga ruwa ba gajimare ba taru. Na ce wa tsohuwar ta zaɓa, ko ta matse ni sau ɗaya ta sami rabin tulu, ko in ba ta rabin buhun nan ta yi ta tatsar idonta har shekara. Ta karɓi albasa, ta nuna mini hanyar tsauni da haɓa. Na ɗauki kayana na ba ƙafa iska tun kafin wani ya kai ƙoƙon baki ya ji gishiri.

Daga nan sai hawa. Itatuwa suka yi ta gajarcewa har suka koma kamar tsintsiya, sannan suka ƙare. Ciyawa ta ƙare. Numfashi ya riƙa yi mini rowa, ruwan gorana ya daskare ya zama dutse. Iska kuwa ba ta hutawa, ta bugo ta nan ta bugo ta can, sai ka ce bashi take bi. A haka na isa garin su Kyallu, gidaje na dutse a manne da jikin tsauni, akuyoyi a kan rufi.

Na ambaci sunan ubanta, aka kai ni wurin ƙanwarsa, Gwaggo Yalwa, doguwar mace busasshiya mai ƙarfin hannu. Ta yi kukan ɗan'uwanta, ta yi murnar jin labarin Kyallu, ta ba ni nonon akuya mai ɗumi. Da na ce Kyallu ba ta da lafiya, sai ta gyaɗa kai ta ce ta sani, ta gani a dutse. Ta ja ni muka fita bayan gari.

Wani bangon dutse ne mai faɗi yana fuskantar mahadar iska, duk jikinsa tsaga. A kowace tsaga akwai wani ɗan kore a lafe, zagayayye kamar gammo. Na durƙusa na duba da idon sana'a. Tsayinsa bai kai gaɓar yatsa ba. Ganyensa ƙanana ne, a cunkushe, da ɗan gashi fari-fari kamar na ɗan tsako. A kan wasu akwai furanni shuɗɗa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, ba su da kara, a kan ganyen suke zaune. Gwaggo ta yi ta nuna mini, wannan na Magajin gari ne, wannan na jikarta ne da aka haifa bara, ga shi kamar ƙwayar gero. Sannan ta tsaya a kan wani da rabinsa ya yi ruwan ƙasa, ba fure ko ɗaya. Ta ce na Kyallu ke nan, ya daɗe yana fushi.

Hawaye ya zubo mini. Ba ƙasa, ba taki, ba ruwa, ba inuwa, ga iska tana marinsa dare da rana. Na ce a raina, yo ba dole matata ta rame ba! Na tambayi Gwaggo ko zan iya cire shi in tafi da shi. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce saiwarsa ta fi ni tsawo, ta shige cikin dutsen, sai dai in ɗauki tsaunin gaba ɗaya. Na ce to, in ba zai bi ni lambu ba, lambu zai zo ya same shi.

Ba wanda ya ce mini kada in yi. Daga baya na tambaye su dalilin da ba su gargaɗe ni ba, suka ce ai ba a ce wa baƙo kada ya zuba guba a miya. Kullum da hantsi in gari ya watse kiwo, sai in tafi bangon nan. Na cusa baƙar ƙasar lambuna a tsagar, na danna da yatsa. Na tsinto kashin akuya na murje na barbaɗa. Na narkar da ƙanƙara a wuta, na bar ruwan ya yi ɗumi daidai na wankan jariri, na riƙa ba shi safe da yamma. Na kafa sanduna na rataya bargona ya tare masa iska, ni kuwa ina karkarwa. Aiki dai na gwani, ko ubana Jatau ya gani sai ya sa mini albarka.

Furen ya fara yin ruwan ɗorawa. Na ce alamar yunwa ce, na ƙara taki. Ya yi laushi, tsakiyarsa ta fara baƙi tana wari. Na ce sanyi ne, na ƙara ruwan ɗumi. Kaina ya ɗaure tamau. Duk abin da na sani na yi, kuma duk abin da na yi sai ya ƙara lalacewa. Ina tsugune da gora a hannu ina tsiyaya masa ruwa, sai na ji salati a bayana. Gwaggo Yalwa ce, tulun nono ya faɗi daga kanta ya fashe.

Aka taru a kaina, aka ƙwace goran da sanda kamar maciji, aka ja ni gaban Magajin gari. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba. A ƙasar nan, in mutum ya ƙi wani ƙiyayyar neman rai, ba ya ɗaukar wuƙa. Sai ya saci jiki ya zuba wa furensa ruwa. Tun kakanninsu sau ɗaya aka taɓa yi, har yau ana tsoratar da yara da sunan wanda ya yi. Ni kuwa ban tsaya ga ruwa ba, na haɗa da taki da bargo.

Magaji, wani tsoho mai sanyin murya, ya tambaye ni abin da Kyallu ta yi mini. Na ce ba ta yi mini komai ba, sonta nake. Ya ce to me ya sa na yi tafiyar da ba a taɓa yi ba don in kashe ta. Na ce cetonta na zo yi. Ya dubi mutanensa, suka dube shi. Na ga dai ba su san ko ni wane ne ba, sai na ce bari in wanke kaina. Na miƙe na zayyana musu yadda nake riƙon 'yarsu: ɗaki a inuwa, zana ninki biyu, ba niƙa, ba ɗebo ruwa, tsani na fasa, makoɗi na ɓoye, abinci har bakin gado. Ina faɗa ina jiran a ce madalla. Maimakon haka mata suka fara rufe baki, wani saurayi ya ɗauki dutse sai da aka riƙe shi.

Gwaggo ta matso, idonta jawur. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ɗan nan, marainiya ce fa. Ba ka ji tausayinta ba?”

Tausayin ne fa ya sa na yi duk wannan. Ko ni na haukace, ko garin gaba ɗaya, kuma su sun fi ni yawa.

Hukuncinsu shi ne a ɗaure hannuwana ta baya, a zaunar da ni a gaban furen, ba bargo. In ya farfaɗo a sake ni. In ya mutu a tura ni ta bakin dutse in bi shi. Gwaggo da kanta ta yaye bargon, ta sa tsinke ta ƙwaƙule ƙasata da takina daga tsagar tana tsaki, ta watsar. Ƙasar da na ɗauko tun daga gida, na haye Tsagar Duniya da ita! Ta tafi ta bar ni. Kullum takan kawo mini nono ta ɗura mini a baki.

Ban damu da bakin dutsen ba sosai. Abin da ke cina shi ne in furen nan ya mutu, Kyallu ta mutu a can, ni kuwa ina zaune kusa da shi kamar turmi. Amma an ɗaure hannu ne, ba a ɗaure dabara ba. Na lura da inda iskar ta fi bugowa, na ja gindi na zauna daidai wurin, na ba ta baya. Na zama zana da kaina. Iska ta yi ta dukan bayana har na daina jinsa, leɓena ya tsattsage, amma ko ganye ɗaya na furen bai motsa ba. Na ji daɗi a raina, na ce na yi musu wayo.

Baƙin ya ci gaba da yaɗuwa. Danshin da na zuba ya ƙi bushewa. Na rasa abin yi, sai kallo, tunda shi kaɗai aka bar mini. Na kalli na maƙwabta, waɗanda ba mai tare musu komai. Da safe hazo ya bi ta kansu, gashin ganyensu ya kama 'yan ɗigo ƙanana, kafin hantsi iska ta share su tas. Iska ta zo da ƙarfin da zai tumɓuke rimi, ta bi ta kansu ta wuce, ba ta sami abin kamawa ba. Rana ta gasa dutsen, sai wani ƙamshi siriri ya tashi daga shuɗɗan furannin. Duk bangon yana raye, sai guda ɗaya, wanda ke bayan inuwata.

Na daɗe ina gardama da kaina. Duk abin da ubana ya koya mini yana cewa zauna. Idona yana cewa tashi. Ban gane ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na gane ba. Na dai ga cewa duk abin da na yi ya ƙi, saura abu ɗaya da ban gwada ba. Na ja jiki gefe, na bar iskar ta same shi. Da na ga ta bugi ɗan abin nan yana karkarwa, wallahi sai da na rufe ido na yi kuka kamar yaro. Na haye Tsagar Duniya, na kuɓuta daga matsa, amma ban yi abin da ya kai matsawar nan wuya ba.

Ruɓaɓɓen wurin ya bushe, ya zama gari, iska ta kwashe shi. Abin da ya rage bai fi tafin hannun jariri ba, amma kore ne, kuma ya yi tauri. Ina nan a gefe har wata safiya da rana ta hau dutsen, na ga wani ɗigo shuɗi a bakin ganyen. Gwaggo ta zo da nono, ta gani, ta ajiye ƙwaryar. Ta kwance mini hannu, ta murza mini su da nata har jini ya dawo.

Na tambaye ta yadda zan koma, tunda jigona yana wancan ƙetaren, masu tatsar gajimare kuma ba za su yi marhabin da ni ba. Ta dube ni kamar ta ga sabon abu. Ta ce yo ta ina nake tsammani ɗan'uwanta ya bi da jakuna da duwatsun niƙa? Ashe akwai hanya ta bayan tsauni da ta kewaye ramin, shimfiɗaɗɗiya, har da rumfunan masu sayar da fura. Duk wanda na tambaya a gida zai gaya mini, ita Kyallu ma ta san ta kamar tafin hannunta.

Na iso Ƙoramar Giginya da hantsi. Hansai ta tare ni a ƙofa ta ce da sauran rai. Ta ce akwai kwanakin da suka fid da tsammani har aka kira liman, sannan abin ya ɗan lafa. Na so in tambaye ta waɗanne kwanaki ne, na fasa, don ina tsoron amsar. Ta ƙara da cewa ta bi umarnina, ko iskar mafici ba ta shiga ɗakin ba.

Na shiga. Kyallu tana kwance, ta zama kamar kara. Ta dubi hannuna ta ce, “Ka kawo shi?”

Na ce, “Ban kawo ba. Yana can. Ya yi fure ɗaya.”

Na fita na kama zanan nan na yaye, ninki na farko da na biyu, Hansai tana tambayata ko aljanun tsauni sun taɓa ni. Na shiga rumbu na tona gero har gindi, na ɗauko makoɗin, na ajiye shi a gefen gadonta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙa hannu ta ja shi jikinta.

Ba rana ɗaya ta tashi ba. Ta fara da zama a bakin ƙofa cikin rana, sannan na fara jin ƙwas-ƙwas ɗin makoɗi a gidan maƙwabta. Akwai wani fa a bayan garinmu, dutse guda tilo a duk fadamar, inda 'yan akuya ke wasa. Wata safiya mai iska ta ce za ta hau. Na bi ta har gindinsa da gora a hannu, don hali zanen dutse ne. Ta fara hawa. A tsakiya ta zame, gwiwarta ta goge, na ga jini. Na zabura, ƙafata ɗaya har ta hau dutsen. Sai na koma na zauna, na sa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyata na danne su da dukan nauyina. Ta waiwayo ta gan ni a haka. Ta juya ta ci gaba.

Ta kai sama ta tsaya, iska tana kaɗa mayafinta, ta daɗe a can. Sannan ta leƙo ƙasa ta kira ni da muryar da na manta tana da ita.

“Maigida, akwai sauran tuwon jiya? Yunwa nake ji.”

Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Ko furen ne ya tashe ta, ko ita ta tashi furen, Allah ne masani, ni ban sani ba. Albasata dai har gobe ruwa nake ba ta safe da yamma, kuma ba ta taɓa kai ni ƙara wurin kowa ba. Wanda ya ji, ya kai wa wanda bai ji ba, Allah ya sa mu tashi lafiya.